Ƙotar Bindigar Kakanka

Mayahi, ranar Alhamis

Zuwa ga ɗana Ibrahim, wanda nake kira Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar hanya da baƙunta. Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokan zama na kirki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin baki. Amin.

Jiya Laraba, bayan la'asar, na gama ɗaura sabuwar ƙota a bindigar kakanka. Ta zauna. Tudun nan na ɗora kunci yana nan a gefen dama, yadda ka sayo ta, ban kankare shi ba. Ban harba ta ba.

A aikin jarida an koya mana a fara da abin da ya faru, sannan a koma baya a faɗi yadda aka yi. To ga komawa bayan. Labarin gari za ka ji shi a waya. Wannan kuwa na zaɓi takarda ne, domin a waya da na fara magana za ka ce "To, Baba," ni kuma in ɗauka mun gama.

Yau kwana tara da tafiyarka makarantar gandun daji. Tun rasuwar mahaifiyarka gidan nan ya yi mana yawa mu biyu, yanzu sai ni kaɗai. Na koma dafa shayi a ƙaramar buta, duk da haka yana ragewa. Tabarmarka tana jingine a zaure inda ka bar ta. Ba don ka ji tausayina na faɗa ba. Na faɗa ne don ka san na sami lokacin yin tunani, abin da ban cika samu ba lokacin da nake yawo da na'urar ɗaukar magana daga wannan gari zuwa wancan.

Ka san bindigar, amma ba ka san tarihinta duka ba, domin ban taɓa ba ka shi ba. Kakanka Ibro, wanda ka ci sunansa, ya same ta da takardar hukuma a lokacin da yake yi wa ma'aikatan gandun daji jagora a dajin da ke bayan Tchaké. Irin wadda ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi ce, ba ta gaggawa. Makiyaya sukan aiko masa in kura ko dila sun addabi garke. Yakan fita da harsashi uku ya dawo da biyu. Da wannan aka san shi.

Abu na biyu da aka san shi da shi, ƙotar bindigar. Karkatacciya ce. Daga wuyanta ta lanƙwashe zuwa dama kamar ƙafar kare ta baya. Itacen aduwa ne, ya yi baƙi da zufa da man shanu. Wasu suna cewa asiri ne na maharba. In an tambaye shi sai ya ce, "Haka icen ya tsiro."

Ni kuma na dawo daga Yamai da takardar shaidar aikin jarida da akwati cike da littattafai. A cikinsu akwai wani na Faransanci a kan bindigogin farauta, mai zane-zane. Na duba shi daga bango zuwa bango, ban ga ƙota karkatacciya ko ɗaya ba. Sai na yanke hukunci cewa aikin ƙauye ne, masassaƙi ya kasa, tsoho ya haƙura da abin da ya samu. Na sa aka kawo mini miƙaƙƙiya ta kamfani, ta itacen Turai mai sheƙi. Na jira ranar kasuwa, ya fita da amalanke, na kwance tsohuwar na ɗaura sabuwar. So nake in faranta masa rai.

Da ya dawo na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya kai ta kafaɗa, ya sauke. Ya sake kai ta, ya daɗe, ya sauke.

Ya ce, "Ina tsohuwar?"

Na ce, "Tana bayan rumbu, Baba. Wannan ta Turai ce. Dubi yadda ta miƙe."

Ya ce, "Ta miƙe ƙwarai. Allah shi yi ma albarka, Lawali."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya fita da ita sau biyu. A na farko ya dawo da harsashi ɗaya, babu komai. A na biyu ya kuskure dila yana tsaye kusa, a gaban makiyayan da suka kira shi, har wani cikinsu ya ce tsufa ta zo wa Ibro. Ya dawo ya rataye ta. Ya yi shekara shida a duniya bayan haka, bai ƙara sauke ta ba sai don ya shafa mata mai. Makiyaya suka daina aikowa. Yakan wuni a gindin gawon ƙofar gida yana tufka igiya. Ni ma na ce tsufa ce.

Ranar sadakar bakwai ɗinsa, Illo masassaƙi na Tchaké, wanda ya sassaƙa tsohuwar ƙotar, ya ja ni gefe. Mushe yake kirana, yadda ake kiran ɗan boko a nan, daga Faransanci.

Ya ce, "Mushe Lawali, kai ne ka miƙe ma Ibro ƙota?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "To kai ka rufe mai ido."

Ga abin da ya gaya mini. Shekaru kafin haka, ƙaya ta soki kakanka a idon dama. Idon ya warke a waje, kana ganinsa garau, amma a ciki duhu ne. Ya je wurin Illo a ɓoye. Illo ya sa shi ya riƙa ɗaga sanda kamar bindiga, yana auna shi da igiya daga kafaɗar dama zuwa idon hagu, har ya fitar da ƙotar da za ta zauna a kafaɗar da ya saba, ta kuma kai bakin bindiga gaban idon da ke gani. Ya rantsar da Illo kada ya faɗa wa kowa, domin maharbi mai ido ɗaya ba a aiko masa.

Na ce, "Don me bai gaya mini ba?"

Illo ya ce, "Ɗanka ya kawo ma kyauta daga birni da hannu biyu, mi za ka ce mai? Ka ɓata, ko ni makaho ne? Na ce mai ya bari in sassaƙa wata. Ya ce a'a, yaron zai gani."

A ranar na zaga bayan rumbu. Gara ta daɗe da gamawa da ita. Na tarar da farantin ƙarfen gindinta kawai, da ƙusa biyu.

Abba, aikin da za ka shiga aikin gyara ne, za a ba ka kaki da littafin doka. Za ka je ƙauye ka tarar da burtali ya karkace inda taswira ta nuna shi miƙe, ko manomi ya bar wasu itatuwa ya sare wasu ba yadda aka koya muku ba. Duk abin da ka tarar a karkace a hannun mai shi, kuma ya daɗe yana aiki da shi a haka, tambayi dalili kafin ka miƙe shi. In mai shi bai faɗa ba, nemi wanda ya yi masa. Kuma in dattijo ya ce maka "Allah ya yi albarka" ya yi shiru, kada ka rubuta a rapor, wato rahoton aikinka, cewa ya yarda. A ƙasarmu wannan kalma tana rufe magana ne, ba kullum take nufin an gamsu ba. Abin da ka cire kuma, ajiye shi inda gara ba ta kai, sai ka tabbata wanda ka sa ya fi shi.

Akwai wani ƙaramin kuskure a wannan aikin da ya kamata ka sani, domin shi ya sa ka sayi sabuwar ƙota. Ranar da na ɗaura ta Turan, na ɗaure bis ɗin baya, wato ƙusa mai murɗi da ke riƙe ƙarfe da ƙota, da dukkan ƙarfina, har turnabis ɗin da nake murɗawa da shi ya zame ya yanke ni a tafin hannu. A ganina ɗauri mai tsanani shi ne aiki mai kyau. Tun ranar wani siririn tsagi ya fito a wuyan ƙotar, kamar gashi. Na gan shi, na shafe shi da mai. Shekara da shekaru yana tafiya a hankali, sai daminar bara ya buɗe har kana sa farce. Kai ka ɗauka tsufan itace ne. Hannuna ne. Wata rana za a sa mutane a ƙarƙashinka. Ka tuna ɗauri yana da inda yake isa, abin da ya wuce nan ba ya ƙara riƙo, tsagi yake farawa, kuma ba a ranar ake ganinsa ba.

Yanzu na zo kanka.

Kana shekara uku ka kai hannun hagu cikin akushi. Na mayar da shi, na sa maka dama. Wannan ban yi nadamarsa ba, ci da gaisuwa da miƙa wa babba abu da dama ake yi, addini ne kuma tarbiyya ce. Amma ban tsaya nan ba. Na bi ka har alƙalami, har hauya, har jifan tsuntsu a gona. Da ka shiga lakwal, makarantar boko, na riƙa naɗe maka hannun hagu da ƙyalle in za ka yi rubutu.

Mahaifiyarka ta ce, "Malam, tuwo da gaisuwa sun isa. Bar mai sauran."

Na ce, "A lakwal dariya za su yi masa."

Ta ce, "Su yi mana. Kai ma ana yi maka in ka karanta labarai da muryar nan taka ta hanci, ga ka nan ba ka mutu ba."

Ban saurare ta ba. Rubutunka ya fito kamar tafiyar kaza, malamai suka rage maka maki, ni kuma na yi maka faɗa a kan makin. Sai da na zauna kwanakin nan na ga cewa ni na ɗaure hannun, ni kuma na hukunta ɗayan.

Ka tuna ranar da muka je gonar kawunka a Korgom bayan an gama girbi, kana shekara goma sha bakwai? Na ɗora gwangwanin tumatir a kan suri, na koya maka kwanciya da riƙo, na ɗora maka bindigar a kafaɗar dama. Ka harba uku, ka kuskure uku. Na ce, "Sunan kawai ka ci, ba ka gaji kakanka ba." Na juya na nufi moto, babur ɗinmu, in ɗauko ruwa. Sai na ji ƙara, na ji gwangwani ya tashi. Da na waiwaya, na gan ka kana sauri kana mayar da bindigar daga kafaɗar hagu zuwa ta dama. Na gani sarai, Abba. Tsakaninmu bai fi taku ashirin ba, rana kuma tana bayana. Na ce, "Sa'a ce," muka tattara muka tafi.

Na yi shekara talatin ina koya wa sababbin ma'aikata cewa abin da idonka ya gani shi ne labari, ko ya ɓata maka abin da ka riga ka rubuta. Ranar nan na ga labari a gabana na ƙi ɗauka, domin in na ɗauka sai in yarda shekara goma sha huɗu ina kan kuskure. Kada ka yi haka. In ka ga abu ya saɓa wa abin da ka faɗa jiya a gaban mutane, faɗi sabon a gaban mutanen nan. Kunyar yini ɗaya ce.

Sai zancen kwalin. Kwana biyu kafin tafiyarka ya iso a motar Yamai, daga wurin dillalin da ke da izinin sayar da irin waɗannan kaya. Ka buɗe shi a zaure bayan azahar, ka fito da ƙota baƙa ta roba mai ƙarfi, wadda gara ba ta ci, damina ba ta kumbura ta. Na daɗe ban ga fuskarka haka ba. Na sa tabarau, na juya ta sau ɗaya.

Na ce, "An cuce ka. Tudun kunci a gefen hagu yake zama. Sun tura maka wadda ta lalace a kamfani. Abin da nake gaya maka ke nan kullum, ba ka duba abu kafin ka karɓa."

Ka ce, "To, Baba." Ka mayar da ita cikin kwali ka tura ƙarƙashin gado. Ranar tafiya ka durƙusa a tasha na yi maka addu'a, ka ce amin, ka shiga mota. Saƙonka ya zo washegari, kalma uku: na sauka lafiya.

Ranar Asabar na ɗaure kwalin a bayan moto na tafi Tchaké. Bindigar na bar ta a kulle a gida, zamanin nan ba a yawo da ita a hanya ko da takarda. Niyyata in sa a kankare tudun, in ɗaura ta, in ka dawo ka tarar na gyara maka.

Illo yana nan da rai. Ya haura tamanin, 'ya'yansa ke sassaƙa turmi da kujeru, shi yana zaune a rumfa yana kushe musu aiki.

Da ya gan ni ya ce, "A'a, Mushe Lawali! Rediyo ta sallame ka, ka koma tallan roba?"

Na ce, "Baba Illo, gyara na kawo. Tudun nan nake so a kankare, a gefen da ba daidai ba aka sa shi."

Ya karɓa, ya shafa ta daga gindi zuwa baki kamar mai sayen akuya. Ya kai ta kafaɗar dama, ya yamutsa fuska. Ya mayar da ita ta hagu, ya kwantar da kunci, ya runtse ido ɗaya.

Ya ce, "Wa ya saye ta?"

Na ce, "Abba."

Ya ce, "Mai sunan Ibro? Wanda ya ɗauki gizagona da hagu shekarun baya da kuka zo, ka buge mai hannu?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Wagga ba ɓatacciya ba ce, ta bahago ce. Dubi nan. Gurbin hannun sakata na dama, daidai da bindigarku. Tudun kunci kuwa na mai ɗora ta a hagu ne. Ba a yin haka da kuskure. Wanda ya aika a kawo ta ya san abin da yake so, sai da ya zauna ya yi musu bayani."

Ya miƙo mini ita, bai saki ba.

Ya ce, "Sau biyu ke nan, Mushe. A lakwal ɗin taku in mutum ya faɗi aji ɗaya sau biyu, ba korar shi ake ba?"

'Ya'yansa suka yi dariya, ni ma na yi. Ya ara mini magagari ƙarami, ya ce roba ba itace ba ce, bai san halinta ba, amma ƙarfe ba ya ƙarya, in shafa masa baƙin tukunya zai nuna mini inda yake taɓawa. A hanyar dawowa na tsaya a wata inuwa na kashe moto, na zauna har inuwar ta matsa ta bar ni. Abin da ya tsaya mini a rai "To, Baba" ɗin nan ne. Na taɓa jin irinsa daga bakin mai sunanka, na kuma san shekara nawa ya biyo baya.

Zan gaya maka yadda na yi aikin, domin bindigarka ce, ya kamata ka san abin da ke ƙarƙashinta.

Na fara da zare sakata na leƙa bututun har na ga hasken rana a ɗaya bakin. Na san shekara huɗu ba a sa mata harsashi ba, duk da haka na leƙa. Wannan kada ka taɓa barinsa, ko kai ka ajiye ta da hannunka, ko wa ya rantse maka babu komai a ciki. Na kwance bis biyu na sa a faranti, dogon daban gajeren daban. Ƙarfen ya fito daga tsohuwar ƙota ba gardama.

Sabuwar ce ta ƙi karɓarsa. A takardar da ke cikin kwalin an rubuta cewa daidai take, sakawa kawai za a yi. Ba haka ba ne. Ƙarfen ya shiga rabi ya tsaya yana lilo. Da a shekarun baya ne, da na danna shi da bis har ya shiga dole. Sai na kankaro baƙin tukunya daga gindin tukunyar mahaifiyarka, wadda ba a ɗora ba tun da ta tafi, na kwaɓa da ɗigon mai na shafa wa ƙarfen. In sa shi a hankali, in ɗaga, in duba inda baƙi ya taɓa roba, in goge wurin kaɗai da magagari, kaɗan, in sake sawa. Na daina ƙirgawa a karo na goma sha ɗaya. Yawancin inda na zata nan ne matsalar, ba nan ba ne. Wani ɗan wuri ne can ƙasa, bai kai faɗin farce ba.

A rana ta biyu na gaji, na yi gaggawa. Kusa da kunama, a gefen hagu, na ci robar fiye da yadda baƙin ya nuna. Akwai rata yanzu wadda ƙwayar gero za ta shiga. Ba ta hana riƙo ba, na gwada, amma za ka gan ta. Ba daga kamfani take ba, aikina ne. Abin da magagari ya ci ba ya dawowa, shi ya sa ake ci kaɗan-kaɗan. Haka magana take da wanda kake so, sai dai wannan ka riga ka sani, a kanka na koya.

A rana ta uku ƙarfen ya zauna da kansa, babu lilo. Na ɗaure bis ɗin bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, na tsaya da hannuna ya ji sun isa. Na zura takarda tsakanin bututu da ƙota, ta wuce har ƙarshe ba ta maƙale ba. Na mayar da sakata, na ja ta na tura sau da yawa, tana tafiya sumul, makullin tsaro yana kamawa.

Sannan na kai ta kafaɗar dama, yadda na saba. Ba ta karɓe ni ba, kuncina ya rasa wurin zama. Na mayar da ita hagu. Kuncina ya sauka a kan tudun kamar an auna shi. Hannuna bai san abin da zai yi ba, idona ya ruɗe, na ji ni baƙo ne a jikina. Na tsaya haka ina kallon katangar tsakar gida, na ce ashe abin da yaron nan yake ji ke nan duk lokacin da na ce ya koma dama. Minti ɗaya na yi na gaji.

Tsohuwar ƙota mai tsagi na naɗe ta a zane na rataye a ɗaka. Ba ta da amfani, amma ba za ta je bayan rumbu ba.

Yau da safe na je biro, ofishin hukuma, na sanar da canjin, na kuma nemi a mayar da takardar izinin da sunanka. Jami'in ya duba lambar da ke jikin ƙarfe ya ce ita ce abin lura, ta yi daidai da ta takarda. Mayarwar kuwa ya ce sai ka zo da kanka ka sa hannu a gabansa. Na ce masa da hagu za ka sa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, ko da ƙafa ne, in dai shi ne."

Ga abin da na fi so ka riƙe a duk wasiƙar nan. A makarantar nan za a ba ku makamin hukuma, za a jera ku a ce kowa ya ɗora a dama. Tun ranar farko ka je wurin mai koyarwa, ka gaishe shi da ladabi, ka ce kai bahago ne. In ya ƙi, ka bi umarni, amma ka faɗa. Kakanka mutumin kirki ne, ya yi shiru don kada ya kunyata ni, shirun ya ci masa sana'a da shekara shida, ni kuma ya bar ni da abin da ba ni da wanda zan roƙa gafararsa. Da ya ce mini "Lawali, ka ɓata," da na ji zafi kwana biyu, na zaga bayan rumbu na ɗauko ta tun gara ba ta kai gare ta ba. Ladabi ba shi ne ka bar babba ya yi ta tafiya a kan kuskure ba. Ni ma in na sake faɗin abin da ba daidai ba, kuma zan sake, ka ce, "Baba, ba haka ba ne." Zan ɓata rai. Ka bar ni in ɓata, zai wuce.

A garinmu uba ba ya ce wa ɗa ya yafe masa, sai dai ya saya masa riga ko ya ƙara masa nama a akushi, ɗan ya gane. Na yi tunanin bin wannan hanya, na ga irinta ce ta kawo mu nan. Don haka na rubuta: ka yafe mini ƙyallen, da maganar Korgom, da ta zaure. Ka gaji kakanka. Na gani tun ranar.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci ko ba ka so, horo ba ya tafiya da yunwa. Kada ka nuna bakin bindiga ga abin da ba ka yi niyyar harbi ba, ko da wasa, ko abokai sun ce kai matsoraci ne. In ka sami sarari ka rubuto mini, da hannun da ka ga dama, ina so in ga rubutunka na gaskiya ko sau ɗaya.

Allah ya kiyaye ka daga abin da kake gani da wanda ba ka gani, ya sa ka gama lafiya, ya dawo da kai gida da ƙafafunka. Allah ya ji ƙan mahaifiyarka da kakanka. Illo yana gaishe ka, ya ce in ka zo ka kai masa magagarinsa da kanka, bai yarda da ni ba.

Mahaifinka,
Lawali

Bindigar tana kulle, sakatarta a wani wuri daban. Ko tana kai harsashi inda aka nufa ban sani ba, ba kuma ni zan gwada ba, ba kafaɗata aka yi wa ita ba. Na ajiye gwangwanin tumatir ɗaya a kan taga. An ce ana ba ku hutun kwana biyar bayan wata uku. Na tambayi mutum biyu da suka yi makarantar. Ɗaya ya ce haka ne, ɗayan ya ce a zamaninsa ba a yi ba.